Tambayi Likitan Fisiyo: Ciwon Jijiyar Ƙoƙon Gwiwa a Jikin 'Yan Wasa

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk a kan gwiwa suke, kuma huɗu daga cikin biyar sun fito ne daga mutanen fili. Mun taƙaita wasu saboda ƙarancin gurbi, mun kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 22, ina buga ƙwallon raga a wata ƙungiya, kuma filinmu daɓen siminti ne. Kimanin wata takwas ke nan ina fama da ciwo a gwiwar hagu, daidai ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, wurin da zan iya nunawa da yatsa ɗaya. Idan na fara atisaye yana yi mini zafi, da jiki ya ɗumama sai ya lafa, amma washegari da safe ko saukowa daga bene sai na dafa bango. Tsuguno da zaman tahiya duk sun zame mini aiki. Na huta wata biyu cur, na sha shafa man zafi, an yi mini gashi da ruwan zafi har ciwon ya tafi, amma mako biyu da komawata fili sai ga shi ya dawo sabo fil. Hoton ƙashi bai nuna komai ba. Shin in haƙura da wasan ne, ko akwai mafita? Daga wani ɗan ƙwallon raga, Kano.

AMSA: Wa'alaikumussalam, ɗan'uwa. Allah ya ba ka lafiya. Kada ka yi saurin ajiye takalmi, domin abin da ka siffanta ya yi kama ƙwarai da ciwon jijiyar ƙoƙon gwiwa, kuma ciwo ne da aka san hanyar bi da shi, ko da yake hanyar tana da tsawo.

Bari in fara da warware wata kalma da ke rikita mu. Bahaushe yana kiran abubuwa uku da suna ɗaya: akwai jijiyar jini, akwai jijiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, sannan akwai farar jijiya mai tauri da ke ɗaure tsoka a jikin ƙashi, irin wadda mahauta ke kira agara. Ta ukun ce maganarmu. Babbar tsokar gaban cinya tana saukowa ta kama ƙoƙon gwiwa, daga ƙarƙashin ƙoƙon kuma sai wata faffaɗar jijiya mai tsawon kusan santimita 5 ta tashi ta je ta kafu a kan ƙashin ƙwauri. Duk lokacin da ka durƙusa za ka yi tsalle, jijiyar nan tana miƙewa ta tara ƙarfi kamar robar danko, ta sake shi nan take, idan ka diro kuma ita ce ke tare nauyin da ya ninka na jikinka sau da yawa. Wannan ne dalilin da ya sa wani likitan Amurka, Martin Blazina, da abokan aikinsa suka yi wa ciwon laƙabi da gwiwar mai tsalle a shekarar 1973. Binciken da aka buga a 2005 a kan manyan 'yan wasa 613 na ƙasar Norwe ya tarar da ciwon a jikin kusan kashi 14 cikin 100 na dukkansu, amma a tsakanin 'yan ƙwallon raga ya kai kusan kashi 45, 'yan ƙwallon kwando kuma kusan kashi 32, alhali a cikin masu tseren keke ba a sami ko mutum ɗaya ba. Ka riƙe wannan batu na keke, za mu dawo kansa.

Shekaru da yawa ana ɗaukar ciwon a matsayin kumburi, har sunansa na asibiti ma da haka aka gina shi, shi ya sa maganin da aka fi bayarwa ya zama hutu da ƙwayoyin sace kumburi. Da aka riƙa duba guntayen jijiyar da aka yanko a wurin tiyata, sai aka ga cewa a ciwon da ya daɗe abin da ya fi yawa shi ne zaren jijiyar ya hargitse, ya rasa jerinsa, kamar igiyar guga da ta fara zarewa a wurin da take goga bakin rijiya. Ya zuwa 2002 manyan masana wannan fanni, cikinsu har da Karim Khan da Jill Cook, sun fito fili suna kiran likitoci da su daina kallonsa a matsayin kumburi zalla. A nan amsar tambayarka take. Hutun wata biyu ya kwantar da zafin domin ka daina taɓa abin da ke tsokano shi, amma a cikin wata biyun nan tsokar cinyarka ta rame, jijiyar kuma ta ƙara rasa juriyar ɗaukar kaya, sai ka koma fili ka ɗora mata tsallen da ya fi ƙarfinta tun tana da sauran ƙarfi. Man zafi da gashi suna sanyaya rai, ban hana ka su ba, sai dai ba su ƙara wa jijiya ƙwari. Jijiya da kaya take ginuwa, matuƙar an auna kayan an kuma riƙa ƙara shi sannu a hankali.

Kafin ka fara komai, ka bari a duba ka ido da ido, domin ba a tabbatar da ciwo ta wasiƙa. Ciwon da ya bazu kewaye da ƙoƙon gwiwa ba a iya nuna shi da yatsa ɗaya, ko gwiwar da ke tara ruwa, ko mai sarƙewa ta ƙi miƙewa, ko mai turguɗewa, ko mai hana barci da dare tare da zazzaɓi, duk waɗannan wata magana ce daban. A Kano akwai sashen fisiyo, wanda jama'a suka fi sani da sashen gashi, a Asibitin Ƙashi na Dala da kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Hoton ƙashi kuwa ba abin mamaki ba ne da bai nuna komai ba, domin ƙashi yake gani. Hoton sikanin da na MRI, wato hoton da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, su ne ke nuna jijiya, amma ko su ɗin ba su ne alƙalai ba, tun da ana samun ɗan wasan da hotonsa ya nuna lalacewa kuma bai taɓa jin ciwo ba, ana kuma samun wanda ya warke sarai hotonsa bai sauya ba.

Abu na farko da nake koya wa duk wanda ya zo mini da wannan ciwo shi ne ma'auni. Ka sa kafinta ya haɗa maka allon katako mai gangara, tsawonsa santimita 45, gefe ɗaya a ɗage da santimita 19, wanda zai ba ka gangarar kusan digiri 25. Kowace safiya, a lokaci ɗaya, ka hau kansa da ƙafar da ke ciwo, diddige a sama yatsu suna kallon ƙasa, ka ɗan tsuguna sau ɗaya a hankali, sannan ka ba zafin da ka ji maki daga 0 zuwa 10 ka rubuta a littafi. Dokar ita ce, zafin da bai wuce maki 3 ba a lokacin motsa jiki abin karɓa ne, muddin makin safiyar gobe ya koma inda yake jiya. Idan ya haura ya zauna a sama fiye da awa 24, to aikin jiya ya yi yawa, sai a rage. Wannan ciwo mayaudari ne, yana lafawa idan jiki ya ɗumama kamar yadda ka lura da kanka, don haka abin da ka ji a fili ba shaida ba ne. Safiyar gobe ce ke faɗin gaskiya.

A matakin farko za ka jingine tsalle da dukan ƙwallo daga sama da gudun da ake tsayawa farat ɗaya, amma ba za ka kwanta ba. Keke da iyo, ga mai samun wurin yi, za su riƙe maka numfashi ba tare da sun tsokani jijiyar ba. Motsin da ake farawa da shi shi ne na riƙe nauyi ba tare da gaɓa ta motsa ba. Ka jingina bayanka da bango, ka zame ƙasa har gwiwa ta lanƙwashe kusan rabin zaman kujera ko fiye kaɗan, ka daskare a haka daƙiƙa 45, ka huta minti biyu, ka maimaita har sau biyar, kuma ana iya yin haka sau biyu ko uku a yini. Idan ya yi maka sauƙi sai ka mayar da mafi yawan nauyin kan ƙafa mai ciwon. Wata mai bincike a Ostareliya, Ebonie Rio, ta nuna a 2015 cewa irin wannan riƙo yana iya sauke zafin nan take har na tsawon minti 45. Mutum shida kacal ta gwada, kuma waɗanda suka maimaita gwajin daga baya ba duka suka ga irin sakamakonta ba, saboda haka ni ina ɗaukarsa a matsayin ƙofar shiga: idan ya rage maka zafi ka riƙe shi, idan bai rage ba bayan mako guda kada ka ɓata lokaci a kansa.

Mataki na biyu shi ne ƙashin bayan jinyar, kuma a nan mafi yawan 'yan wasa ke gajiya su tsere. A farkon shekarun 2000 abin da ya yi tashe shi ne tsuguno da ƙafa ɗaya a kan allon nan mai gangara, sau 15 zubi uku, safe da yamma, kullum har mako 12. Yana aiki, amma yana da zafi kuma yana gundura. A 2009 wasu masu bincike a Kofanhegan ta ƙasar Denmak, ƙarƙashin Mads Kongsgaard, suka gwada wata hanya ta ɗaga nauyi mai yawa a hankali, sau uku kacal a mako. Ana yin tsuguno da ƙarfe a kafaɗa da kuma tura nauyi da ƙafafu a kan na'ura, a sauka cikin daƙiƙa uku a taso cikin daƙiƙa uku. A makon farko ana zaɓar nauyin da mutum zai iya ɗagawa sau 15 kafin ƙarfinsa ya ƙare, a mako na 2 da na 3 a ƙara nauyi har ya zama sau 12 kawai zai iya, daga nan sau 10, sannan sau 8, har daga mako na 9 zuwa na 12 ya zama yana ɗaga abin da ba zai iya wuce sau 6 da shi ba. Hanyoyin biyu sun rage ciwo, amma waɗanda suka bi ta biyun sun fi gamsuwa da sakamakon bayan wata shida. Ita nake fifitawa, kuma dalilina ba ya wuce cewa mutum ya fi iya jure sau uku a mako a kan sau 14.

Na san ba kowa ke da kuɗin gidan motsa jiki ba. Jakar goyo da aka cika da yashi tana aiki, haka ma jarkar ruwa, tun da kowace lita ɗaya kilo ɗaya ce, ka ga jarka mai lita 25 ta ba ka ma'aunin da za ka riƙa ƙarawa lita biyu-biyu. Tun da nauyin gida ba ya kai na ƙarfe, sai a rama da yin aikin da ƙafa ɗaya: ka sa ƙafa mai ciwon a gaba, ɗayar a baya a kan benci, ka sauka ka taso a hankali, ko ka riƙa hawa dakali da sauka da ita. Ƙafa ɗaya tana da wata fa'idar kuma, domin idan ana tsuguno da ƙafa biyu mai lafiyar takan saci aikin ba tare da mai su ya sani ba. Kada ka manta da sha-raɓa da tsokar ɗuwawu. Mai idon sawu mai tauri da sha-raɓa marar ƙarfi yakan diro kamar an yar da buhu, gwiwa ce kuma ke biyan bashin, don haka ɗaga diddige a bakin matakala, da ƙafa ɗaya da kaya a baya, yana cikin aikin tun daga makon farko.

Sai ƙarfin ƙafafun biyu ya kusa daidaita, makin safiya kuma ya zauna a ƙasa na makonni, sannan a shiga mataki na uku, wato sake koya wa jijiyar aikinta na danko. A fara da tsallen igiya da ƙafa biyu, a koma tsalle a tsaye, sannan tsalle da gudu, sannan dira da ƙafa ɗaya, ana ƙirga adadin kowace rana a rubuce, ana ƙara yawa kafin a ƙara tsawo. Ba a yin wannan kullum. Jijiya takan ɗauki kwana biyu zuwa uku kafin ta gama gyara kanta bayan aiki mai tsanani, saboda haka tsarin da aka saba shi ne ranar tsalle, sai ranar riƙo a bango, sai ranar ɗaga nauyi, a sake zagayowa. Mataki na huɗu shi ne komawa cikin 'yan ƙungiya, rabin atisaye tukuna, sannan cikakke, sannan wasa, kuma ɗaga nauyin nan ba a barinsa ko bayan an koma, sai dai a mayar da shi sau biyu a mako.

Game da lokaci, ba zan ɓoye maka ba. Wanda ya kai wata takwas da ciwon ya sa ran wata uku zuwa shida, wani ma fiye. A wani gwaji da aka yi a Rotadam ta ƙasar Holan aka buga a 2021, an raba mutum 76 gida biyu, kuma waɗanda suka bi irin matakan nan huɗu sun fi masu tsuguno a kan allo samun sauƙi, amma duk da haka bayan mako 24 kashi 43 cikin 100 ne kawai suka koma matsayinsu na da a wasa. Na kawo maka wannan adadi ne don kada ka yanke ƙauna idan wata na uku ya zo ba ka koma fili ba. Zaman tahiya kuma, kafin zafin ya sauka, kana iya ninka darduma ko ka sa abu mai laushi ƙarƙashin gwiwa, kuma malamai sun yi bayanin rangwamen da shari'a ta yi wa mai lalura.

TAMBAYA: Likita, ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, kuma an tabbatar mini a asibiti cewa ciwon jijiyar ƙoƙon gwiwa nake da shi. Kafin kowane wasa ina shan diklofenak guda biyu, wani lokaci in haɗa da tiramol. Yanzu wani abokina ya ce akwai allurar da ake yi a gwiwa, mako ɗaya ciwon ya ɓace. Muna da gwaji a gaban masu ɗaukar 'yan wasa nan da wata guda. Me ka gani? Daga wani mai tsaron baya, Kaduna.

AMSA: Ɗan'uwa, na fahimci matsin da kake ciki, amma abin da na gani ba zai yi maka daɗi ba. Allurar da abokinka yake nufi kotizon ce, wani maganin sace kumburi, ko 'yar'uwarta, kuma bai yi ƙarya ba, tana kashe zafin da sauri. A cikin gwajin nan na Denmak da na ambata a sama akwai rukuni na uku da aka yi wa ita, kuma a mako na 12 sun ji daɗi kamar kowa, amma da aka sake duba su bayan wata shida sai aka tarar sun koma baya, alhali masu motsa jiki suna nan da sauƙinsu. An gudu ba a tsira ba ke nan. Bayan haka kotizon tana raunana zaren jijiya, musamman idan aka zuba ta a cikin jijiyar ko aka maimaita, ga shi kuma ta ɗauke zafin da ke gargaɗin mutum ya sassauta. Idan kuma burinka ya kai ka inda ake gwajin fitsari, ka sani cewa hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta duk wata allurar wannan jinsi a lokacin gasa tun daga 2022, ta kuma sa tiramol cikin jerin haramtattu a lokacin gasa daga ranar 1 ga Janairun 2024.

Tiramol ka rabu da shi, kuma idan ka ga rabuwar tana yi maka wuya, wannan kansa dalili ne na ganin likita ba tare da jin kunya ba. Diklofenak na 'yan kwanaki bisa umarnin likita ba laifi ba ne, amma guda biyu kafin kowane wasa, a cikin zafin rana ana zubar da gumi, hanya ce ta gyambon ciki da ciwon ƙoda; ana maganin ƙaba kai yana kumbura. Akwai wani maganin da nake so duk ɗan wasa ya sani, wato siprofuloksasin da danginsa, waɗanda ake yawan sha a ƙasar nan da sunan maganin taifot. An tabbatar suna iya jawo ciwon jijiya har da tsinkewarta, abin da ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta wajabta buga babban gargaɗi a kan kwalinsu tun 2008. Duk likitan da zai rubuta maka maganin ƙwayoyin cuta, ka faɗa masa kana da ciwon jijiya.

Za ka kuma ji labarin allurar da ake tacewa daga jinin mutum a mayar masa, da na'urar da ke bugun jijiya da igiyar sauti. Suna da tsada, kuma gwaje-gwajen da aka yi da kyau ba su nuna sun ƙara wani abin kirki a kan motsa jiki ba. Tiyata ita ce ta ƙarshe, bayan an yi wata shida ko fiye ana bin tsari da gaske bai yi ba. A wani gwaji da Roald Bahr ya jagoranta a Norwe a 2006, waɗanda aka yi wa aiki ba su fi masu motsa jiki samun sauƙi ba bayan shekara guda. Masu bin ƙwallon Ingila za su tuna Owen Hargreaves, wanda ya ci kofin zakarun Turai da Manchester United a 2008, aka yi masa aiki a gwiwoyinsa biyu a Amurka saboda wannan ciwo, kuma wasannin da ya buga daga nan har ya yi ritaya a 2012 ana iya ƙirga su da yatsun hannu. A wata gudan da ya rage maka, ka rage yawan atisayen gudu da tsalle, ka fara riƙo da ɗaga nauyi, ka bi makin safiya. Idan makin yana 6 ko 7 mako guda kafin gwajin, shawarata ita ce ka jira na gaba, domin mai ɗingishi ba ya burge mai saye.

TAMBAYA: Ni koci ne na matasa 'yan ƙwallon kwando. Yarana uku suna kukan ƙarƙashin gwiwa, ga shi muna tsakiyar gasa. In ajiye su ne? Daga wani koci, Zariya.

AMSA: Koci, sannu da ƙoƙari. Yara uku a lokaci ɗaya alama ce da ke nuna jadawalin atisaye, kafin ta nuna gwiwoyin yaran. Ka waiwaya makonni huɗu zuwa shida da suka wuce ka ga abin da ya sauya. Galibi za ka tarar an dawo daga hutun salla ko na jarrabawa aka ninka aiki don a cike giɓi, ko an koma fili mai tauri, ko an ƙara tsallen kwaɗo. Shi tsallen kwaɗon nan, wanda muka gada daga horon makaranta muka mayar da shi atisaye, yana haɗa durƙuso mai zurfi da tsalle da maimaici, wato duk abin da jijiyar nan ta ƙi jini, kuma ban ga abin da yake ƙara wa ɗan ƙwallon kwando da ba za a samu ta hanya mafi aminci ba.

Ba dole ne ka ajiye su gaba ɗaya ba. Wanda makinsa na safe bai wuce 3 ba kuma ba ya hauhawa zai iya ci gaba da wasa, amma ka cire masa tsalle daga atisayen tsakiyar mako, kada kuma ya yi ranakun tsalle biyu a jere. Kada ka ɗora musu tsuguno a kan allo mai gangara a tsakiyar gasa, domin an gwada haka a kan 'yan ƙwallon raga a Norwe a 2005 ba a ga amfani ba. Kaya ne a kan kaya. Riƙo a bango da ɗaga nauyi a hankali su suka fi dacewa da wannan lokaci, gyara na sosai kuma sai an tashi daga gasa. Ɗamarar da ake ɗaurawa ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa tana rage wa wasu zafi a lokacin wasa, ba ta da illa, sai dai ba ta warkarwa. Wanda ya fara ɗingishi ko ya sauya yadda yake dira, wannan kam benci ne wurinsa har a duba shi.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 13 ba shi da aiki sai ƙwallo da langa. Wani ƙulli ya fito masa a ƙasan gwiwa, yana ciwo idan an taɓa. Kakarsa ta ce a kai shi wurin mai ɗori ko a yi masa tsaga. Daga wata uwa, Maraɗi.

AMSA: Hajiya, Allah ya raya shi. A shekarunsa abin da ya fi yiwuwa shi ne ciwon da ake kira Osgood-Schlatter, da sunan likitoci biyu da suka siffanta shi a 1903. Wurin da jijiyar ke kafuwa a kan ƙashin ƙwauri bai gama ƙwari ba a jikin yaro mai tasowa, sai yawan gudu da tsalle su riƙa fizgarsa har ya yi tudu, kuma langa, da ake yin ta a kan ƙafa ɗaya, ba ƙaramin fizga take yi ba. Ba karaya ba ce balle a ɗora, babu kuma mataccen jinin da tsaga za ta fitar. Abin da tsaga za ta iya jawowa shi ne ƙwayoyin cuta a kusa da gaɓa. Ki lallashi Kaka da wannan bayani. A rage masa wasa zuwa gwargwadon da ba ya ɗingishi, a sa masa ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 bayan wasa, a koya masa miƙar da tsokar cinya a hankali. Yawanci yana lafawa da kansa idan ƙashi ya gama girma, ko da ƙullin ya zauna. Amma a kai shi asibiti a tabbatar, kuma a gaggauta idan akwai zazzaɓi, ko ciwon dare, ko kumburin da ke ƙaruwa, ko kuma yana da sikila.

TAMBAYA: Likita, tun da aka ce ina da wannan ciwo nake tsoron kada jijiyar ta tsinke kamar ta Ronaldo na Barazil. Yaya ake gane ta tsinke? Daga wata 'yar ƙwallon hannu, Jos.

AMSA: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, tsinkewa ba kasafai take samun masu wannan ciwo ba, musamman waɗanda suka nisanci allurar kotizon suka kuma ƙarfafa cinya. Ronaldo ya ji rauni a jijiyar gwiwarsa ta dama ne a Nuwamban 1999 yana Inter Milan, aka yi masa aiki, ya dawo ranar 12 ga Afrilun 2000 a wasa da Lazio, bai cika minti goma a fili ba jijiyar ta tsinke gaba ɗaya. Bayan sabon aiki a Faris da doguwar jinyar fisiyo, shi ne ya ci ƙwallo 8 a gasar kofin duniya ta 2002, biyu daga ciki a wasan ƙarshe da Jamus. A Fabrairun 2008 kuma ta hagun ta tsinke yana AC Milan.

Tsinkewa ba ta ɓuya. Mutum yakan ji ƙara ko kamar an sare shi, ya faɗi, gwiwa ta kumbura nan da nan. Ƙoƙon gwiwa yakan haura sama fiye da na ɗaya ƙafar, a ji rami a ƙarƙashinsa idan an taɓa, kuma babbar alama ita ce idan ya kwanta rigingine ba zai iya ɗaga ƙafar a miƙe ba. Wanda ya ga haka a miƙe masa ƙafar a tallafe ta da katako, kada ya taka, a wuce da shi asibitin da ke da likitan ƙashi a ranar. Ɗori ba ya haɗa jijiyar da ta rabu biyu, domin tsokar cinya tana ta jan guntun na sama tana nesanta shi da na ƙasa. Ɗinkin ya fi sauƙi da kyan sakamako idan aka yi shi cikin mako ɗaya ko biyu na farko, idan kuwa aka ɗauki watanni, sau da yawa sai an yanko jijiya daga wani sashe na jiki an yi ƙari kafin bakin biyu su haɗu.